Farashin taki a fom ɗin Access: yana fitowa a allo amma ba ya zama a tebur

Usman Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin Microsoft Access ku taimaka mini. Baffana yana da shagon kayan noma a nan Gombe, taki da iri da maganin feshi, na haɗa masa ɗan rumbun bayanai don a rage dogaro da littafi. Akwai teburin kaya mai suna tblKaya, a cikinsa akwai lambar kaya, sunan kaya, farashi, da adadin da ya rage a sito. A fom ɗin sayarwa na sa akwatin zaɓi na ba shi suna cboKaya. Idan aka danna shi jerin kaya yana saukowa da farashi a gefe, amma da an zaɓa sai suna kaɗai ya tsaya. Abin da nake so shi ne, da yaron shago ya zaɓi NPK, farashin buhu ya faɗo da kansa a akwatin da ke kusa. Na rubuta =[cboKaya] a akwatin farashi, sai ya nuna mini 7. Ba mu da kayan naira 7 a shagon nan.

Malam Sale Kumo:
Wa alaikumus salam. Wannan 7 ɗin lambar NPK ce a teburinka. Akwatin zaɓi yana nuna suna ne ga ido, amma abin da ya riƙe a hannu shi ne kolum ɗin da aka ɗaure shi a kai, wato abin da ka sa a Bound Column. Naka yana kan 1, lambar kaya ke nan. Idan kana son wani kolum daban sai ka kira shi da matsayinsa. A Control Source na akwatin farashi, wato inda ake faɗa wa akwati abin da zai nuna, rubuta haka:

=[cboKaya].[Column](2)

Usman Jekadafari:
Malam, farashi shi ne na uku a jerin. Lamba, suna, farashi. Ba 3 zan sa ba?

Malam Sale Kumo:
A'a. Column daga sifili yake fara ƙirga. Lamba 0, suna 1, farashi 2, abin da ya rage a sito 3.

Adda Hauwa Pantami:
Ƙanina ka riƙe wannan da kyau, domin a nan ake yawan tuntuɓe. A akwati ɗaya Access yana ƙirga iri biyu. Bound Column daga 1 yake farawa, Column kuma daga 0. Saboda haka Bound Column 1 da Column(0) abu ɗaya suke nufi. Kar kuma ka je ka sa 0 a Bound Column don su yi daidai, idan ka yi haka matsayin layin a cikin jerin zai riƙa ajiyewa, ba lambar kayan ba, ranar da aka ƙara kaya jerin ya sauya tsari komai ya rikice.

Usman Jekadafari:
Na sa 2 ya yi, farashi ya fito. Allah ya saka da alheri. Amma na gwada 3 a wani akwati don yaro ya ga buhu nawa ya rage, ba ya nuna komai, fanko.

Malam Sale Kumo:
Duba Column Count. Na tabbata 3 ka bari. Mayar da shi 4. Access ba ya ba ka kolum ɗin da bai shiga ƙirgar ba, ko da yana cikin Row Source, wato inda jerin ke ɗauko bayanansa. Idan ba ka son a gan shi a jerin da ke saukowa, a Column Widths ake ɓoye shi, misali 0cm;5cm;2.5cm;0cm. Wanda ka ba faɗin sifili yana nan, ido ne kawai ba ya ganinsa. Kuma na farkon da faɗinsa ba sifili ba, shi ne ke tsayawa a akwatin bayan an zaɓa, shi ya sa kake ganin suna.

Usman Jekadafari:
Ya yi. To ga wata kuma. Na shigar da ciniki na gwaji, na buɗe tblCiniki, wurin farashi babu komai. A fom yana nan ƙiri-ƙiri, a tebur babu.

Injiniya Bappah:
Ita nake jira tun da Malam Sale ya ba da amsar farko. Duk akwatin da Control Source ɗinsa ya fara da alamar daidai, akwatin lissafi ne. Nunawa kawai yake yi, ba shi da gurbi a tebur, ko rubutu ba za ka iya yi a cikinsa ba. Saboda haka amsar Malam daidai ce ga tambayar da ka yi, amma ba ita shagon Baffa ke bukata ba.

Bari in ba ka misalin da ka fi ni saninsa. Manomi daga wajen Kumo ko Dukku ya zo a watan Yuni ya ɗauki buhu goma na taki bashi, sai kaka zai biya. A ce buhu 38,000 ne a ranar. Kafin Nuwamba kun sauya farashi a tblKaya, a ce ya koma 45,000. Mutumin ya sayar da masararsa a Tudun Hatsi ya zo biya, ka buɗe cinikinsa na Yuni. Akwatinka zai je ya ɗauko Column(2) na yau, ya ce ana binsa 450,000 maimakon 380,000. Shi kuma yana da takardar da yaro ya rubuta masa da hannu. Ka ga rigimar da za a yi a gaban Baffa. Idan kuma farashin sauka ya yi, Baffa ne zai yi asara ba tare da kowa ya lura ba, wannan ta fi muni domin babu mai zuwa ya yi ƙorafi.

Farashin da aka sayar a kansa dole a kwafe shi a ajiye tare da cinikin, a lokacin cinikin. Ka cire wancan lissafin daga Control Source, ka ɗaure akwatin a kan gurbin Farashi na tblCiniki. Sannan ka je After Update na cboKaya, inda ake sa kod ɗin da ke tashi da zarar an zaɓi abu, ka rubuta wannan (Me shi ne fom ɗin, txtFarashi kuma sunan akwatin farashi):

Me.txtFarashi = Me.cboKaya.Column(2)

Duk lokacin da aka zaɓi kaya, farashin ranar zai shiga gurbin ya zauna. Gobe ka sauya tblKaya yadda kake so, tsohon ciniki ba zai motsa ba. Ga kuma wani amfani: tunda akwatin ɗaure yake yanzu, idan Baffa ya yi wa wani ragi, sai a goge a rubuta abin da aka daidaita a kai.

Malam Sale Kumo:
Injiniya ban ƙi taka ba a kan farashi. Amma ina jin tsoron yaron nan ya ɗauki darasin ya wuce da shi gona da iri. Na sha ganin rumbun da aka kwafe komai a teburin ciniki, sunan kaya, sunan kamfani, lambar wayar mai saye, har unguwarsa. Ranar da mutum ya sauya lamba sai ka tarar da ita iri uku a wuri talatin. Ka'idar tsara tebur ita ce kada a ajiye abu ɗaya a wuri biyu.

Injiniya Bappah:
Ai ba abu ɗaya ba ne Malam. Farashin da ke tblKaya na yau ne. Wanda ke tblCiniki kuɗin da aka yi yarjejeniya a kai ne a wata rana. Sun yi kama ne kawai a ranar farko. Sunan kaya da lambar waya kuwa ina bayanka, kada a kwafe su, lambar kaya ta isa.

Adda Hauwa Pantami:
Ku biyun kuna kan hanya ɗaya. Ni a makarantar da nake riƙe wa lissafi, tambaya ɗaya nake yi wa kowane gurbi: idan abin nan ya canza baɗi, tsohon rasit ya kamata ya canza tare da shi? Kuɗin makaranta, a'a, saboda haka ana kwafewa. Ajin da yaro yake a lokacin biya, shi ma a'a, in ba haka ba rasit ɗin da aka yanka masa yana aji ɗaya zai riƙa cewa aji uku bayan shekara biyu. Lambar wayar uba kuwa, sabuwar ake so kullum, ita sai a bar ta a teburin ɗalibai a riƙa leƙo ta. Wanda ake leƙowa, hanyar Malam Sale. Wanda ake kwafewa, hanyar Injiniya.

Abban Walida:
Ni dai ina kallonku. Duk wannan wahalar a kan shago ɗaya? VLOOKUP ɗaya a Excel ya gama maganar, kuma Baffa zai iya buɗewa a wayarsa. Access ko a Android ba ya buɗuwa, a Mac ma babu shi.

Injiniya Bappah:
Abban Walida, VLOOKUP ɗinka yana da ciwon da muke magana a kai sak. Sauya farashi a shafin kaya ka ga ko layukan watan Yuni ba za su bi ba. Maganar waya gaskiyarka ce, amma ba ita aka tambaya ba.

Abban Walida:
Sai a kwafe a liƙa lambar zalla bayan kowane ciniki.

Adda Hauwa Pantami:
Wa zai tuna da wannan ranar da motar taki ta sauka mutane sun yi layi har bakin titi?

Usman Jekadafari:
Hamma Bappah na sa layin a After Update kamar yadda ka ce. A kwamfutata yana aiki. Na kai fayil ɗin kwamfutar shago a filasha, na zaɓi kaya, shiru, farashi bai faɗo ba, kuma babu wani saƙon kuskure.

Jibrin na Yelwa:
Gaisuwa daga Bauchi. Duba saman allo, akwai wani zare ruwan ɗorawa da maɓallin Enable Content. Muddin ba a danna shi ba, Access ba zai gudanar da kod ɗin VBA, irin layin da ka sa a After Update, ko ɗaya ba. Don kada yaron shago ya riƙa fama da shi, ka shiga Trust Center ka ƙara foldar da fayil ɗin yake ciki a Trusted Locations. Kuma ka kwafe fayil ɗin zuwa cikin kwamfutar, kada a riƙa aiki da shi daga filasha, a zare ta ana tsakiyar rubutu fayil ya lalace.

Ka lura da wani abu a nan, wannan yana cikin dalilan da wasu ke son hanyar Malam Sale. Lissafin Control Source irin wannan yana aiki ko an danna zaren ko ba a danna ba. Shi ya sa nake ba da shawara ka sa Required ya zama Yes a gurbin Farashi na tblCiniki, don in kod bai yi aiki ba ciniki ya ƙi ajiyuwa babu farashi, a gane da wuri.

Usman Jekadafari:
Shi ne kuwa. Yanzu yana faɗowa. Wata tambayar, ku yi haƙuri da ni. Akwai kuɗin dako da muke ƙarawa idan mu za mu kai kaya. Na sa shi a kolum na biyar na akwatin zaɓin, na rubuta =[cboKaya].[Column](2)+[cboKaya].[Column](4). Farashi 38000, dako 500, sai ya ba ni 38000500.

Malam Sale Kumo:
Haha, miliyan talatin da takwas a buhu ɗaya, Baffa ya yi arziki. Dalili shi ne duk abin da Column ya miƙo maka a matsayin rubutu yake zuwa, ko da a tebur lamba ce. Alamar tarawa idan ta samu rubutu biyu manna su take yi. Abin da ke ruɗar mutane, ninkawa ba ta nuna wannan halin. Idan ka ninka adadi da Column(2), Access zai juya rubutun ya zama lamba da kansa, amsa ta fito daidai, sai ka ɗauka komai lafiya. Sai ranar tarawa asiri ya tonu. Sa Val, mai juya rubutu ya zama lamba, a kan kowanne kafin ka tara.

Injiniya Bappah:
Malam a yi hattara da Val. Yana karanta lamba ne har ya ci karo da abin da bai gane ba, sai ya tsaya a nan. Waƙafi yana cikin abin da bai gane ba. Val("38,000") 38 yake bayarwa, kuma ba zai yi ƙorafi ba. Idan alamar kuɗi ce a gaba, sifili zai ba ka. To idan an yi wa kolum ɗin ado da waƙafi don ya yi kyau a jeri, an shiga uku. CCur ya fi, shi yana gane waƙafin dubbai daidai da saitin ƙasa na kwamfutar. Kuma gurbin kuɗi a tebur a ba shi nau'in Currency, ba Double ba, saboda Currency yana riƙe gurbi huɗu bayan ɗigo daram, ba ya kawo 'yan guntayen kobo na banza wajen tarawa.

Adda Hauwa Pantami:
CCur ɗin ma yana da inda yake tuntuɓe, ku faɗa masa duka. Hali biyu ne. Idan yaro ya goge abin da ke cikin akwatin zaɓi, babu kayan da aka zaɓa, Column zai dawo da Null, CCur ya tsaya da kuskure mai lamba 94. Idan kuma an zaɓi kaya amma ba a taɓa sa masa farashi a tblKaya ba, ba Null ke zuwa ba, rubutu ne fanko, sai ka samu kuskure mai lamba 13. Mutane suna sa Nz, mai maye gurbin Null da wani abu, su ɗauka sun toshe duka, alhali Nz na farkon kaɗai yake kamawa. Ni ga yadda nake rubutawa:

If IsNumeric(Me.cboKaya.Column(2)) Then
Me.txtFarashi = CCur(Me.cboKaya.Column(2))
Else
Me.txtFarashi = Null
End If

IsNumeric yana ƙin Null, yana ƙin fanko. Da Required ɗin da Jibrin ya ce, yaro ba zai iya wucewa ba sai ya sa farashi da hannu.

Usman Jekadafari:
Adda na kwafe wannan yadda yake. Na gode ƙwarai.

Jibrin na Yelwa:
Tunda an buɗe maganar, ni fa ba na son Column ga farashi kwata-kwata, kuma ina da hujja. Jerin da ke cikin akwatin zaɓi, lokacin da fom ya buɗe ake ɗauko shi. Idan kwamfuta biyu ce a shago, Baffa ya sauya farashi a tasa da ƙarfe goma, yaro kuma fom ɗinsa a buɗe tun safe, Column(2) tsohon farashi zai ci gaba da bayarwa har sai an sabunta jerin ko an rufe fom an sake buɗewa. Ni a After Update DLookup nake sawa:

Me.txtFarashi = DLookup("Farashi", "tblKaya", "LambarKaya=" & Me.cboKaya)

Wannan kai tsaye tebur yake zuwa a daidai lokacin, kuma lamba yake dawowa da ita, babu zancen Val ko CCur. Hujja ta biyu, da suna yake kiran gurbi. Column da matsayi yake kira. Bayan wata shida wani ya buɗe Row Source ya cusa gurbin kamfani tsakanin suna da farashi, duk inda aka rubuta 2 ya koma ɗauko sunan kamfani.

Malam Sale Kumo:
DLookup yana da nauyi Jibrin. Sa shi a fom mai jero layuka ɗari biyu a kan netwok ka ga yadda allo zai riƙa cika layi-layi.

Jibrin na Yelwa:
Wannan idan an sa shi a Control Source ne, kowane layi ya je tebur da kansa. Ni a After Update na ce, sau ɗaya a kowane zaɓi. Babu wanda zai ji nauyinsa.

Injiniya Bappah:
Jibrin yana da gaskiya a duka biyun, amma kowacce tana da magani. Ta farko, Me.cboKaya.Requery a On Enter na akwatin, duk shigar da aka yi jeri ya sabunta. Ga kayan shagon noma da ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ƙiftawar ido ce. Akwatin zaɓi har layi dubu 65 da 'yan kai yana ɗauka, ko da yake wanda ya kai nan tun tuni ya kamata ya sake tsari. Ta biyu, kada ka sa sunan tebur kawai a Row Source, kada kuma ka sa tauraro, wato alamar * mai ɗauko duk gurabu. Rubuta gurabun ɗaya bayan ɗaya:

SELECT LambarKaya, SunanKaya, Farashi, Saura FROM tblKaya ORDER BY SunanKaya;

Sabon gurbi kullum a ƙarshe ake ƙara shi. Kuma ni ina da wata hujja da ta sa na fi son Column: abin da yaro ya gani a jeri da idonsa ya faɗa wa mai saye, shi ne ya kamata ya shiga rasit. Idan jeri ya nuna 38,000 DLookup ya je ya ɗauko 39,500, mai saye zai ce an yi masa wayo.

Jibrin na Yelwa:
To ai sai a haɗa, a sabunta jerin kuma a yi DLookup.

Injiniya Bappah:
In an sabunta jerin me DLookup zai ƙara?

Jibrin na Yelwa:
Kwanciyar hankali ranar da ɗan wani ya taɓa Row Source. Ba kai za ka riƙe rumbun nan har abada ba, Usman ma gobe zai tafi bautar ƙasa ya bar wa wani.

Adda Hauwa Pantami:
Shagon Baffa kwamfuta ɗaya ce, ku bar yaron ya gama aikinsa. Usman, kowacce ka ɗauka za ta yi maka.

Usman Jekadafari:
Na tsaya kan Column da Requery. Saura rahoto. Ina son in zaɓi kaya a wani fom mai suna frmBincike, kweri ya fito mini da duk cinikin kayan. A layin Criteria ƙarƙashin sunan kaya na rubuta [Forms]![frmBincike]![cboKaya].[Column](1), sai ya ce Undefined function. Na duba rubutun harafi-harafi, babu kuskure.

Malam Sale Kumo:
Rubutunka lafiya lau. Kweri ne ba ya karɓar Column kai tsaye. Yana iya karanta abin da akwati ya riƙe, amma da ya ga baka da lamba a ciki sai ya ɗauka wani aikin lissafi ake kira wanda bai sani ba. Mutane suna zagaye shi ta hanya biyu. Ko ka naɗe shi cikin Eval:

Eval("Forms!frmBincike!cboKaya.Column(1)")

ko ka sa ɓoyayyen akwatin rubutu a fom, Control Source ɗinsa =[cboKaya].[Column](1), sai kweri ya karanta wancan akwatin.

Injiniya Bappah:
Duka biyun suna aiki, amma a nan ba a bukatarsu. Me ya sa za ka tace da suna alhali lamba tana hannunka? tblCiniki lambar kaya ya ajiye, akwatin zaɓi ma lambar kaya ya riƙe. Ƙarƙashin LambarKaya rubuta [Forms]![frmBincike]![cboKaya] kawai. Suna yana iya maimaituwa, yuriya ta kamfani biyu duk "Yuriya" yaro zai rubuta. Lamba ba ta maimaituwa. Sunan da kake son gani a rahoto kuma, ka jawo tblKaya cikin kwerin ka haɗa su ta lambar, suna zai zo da kansa. Ka tuna dole frmBincike ya kasance a buɗe lokacin da kweri ke gudana, in ba haka ba zai fito da ƙaramin akwati yana tambayarka Enter Parameter Value.

Usman Jekadafari:
Hamma, amma a tblCiniki ni suna nake gani a gurbin kaya, ba lamba ba.

Adda Hauwa Pantami:
Da Lookup Wizard ka yi gurbin a cikin tebur ke nan. Yaudarar ido ce, lamba ce a ƙasa, suna ne a sama. Buɗe teburin a Design View ka ga nau'in gurbin, Number za ka tarar. Ni ba na yarda da wannan a tebur, saboda irin ruɗanin da kake ciki yanzu. Je shafin Lookup a ƙasa ka mayar da Display Control ya zama Text Box, ka ga gaskiyar abin da aka ajiye. Akwatin zaɓi a fom ne muhallinsa.

Abban Walida:
Har yanzu kuna nan? Na je Tumfure na dawo.

Jibrin na Yelwa:
Muna nan Oga, kujerarka tana jiranka.

Usman, abu ɗaya da zai same ka nan gaba, gara ka ji tun yanzu. Wata rana za ku daina sayar da wani magani, ka so ya ɓace daga jeri, sai ka ƙara WHERE a Row Source don a nuna kayan da ake da su kaɗai. Daga ranar, duk tsohon cinikin wannan maganin idan ka buɗe shi a fom, akwatin zaɓi zai fito fanko, duk wani akwati da ke leƙen Column shi ma fanko. Bayanin bai ɓata ba, lambar tana tebur, jerin ne ba shi da layin da zai fassara ta zuwa suna. Kada ka firgita ka sake zaɓar wani kaya a kai, idan ka yi haka After Update zai tashi ya rubuta farashin yau a kan na da. Kuma kada ka taɓa goge kaya daga tblKaya. Sa gurbin Yes/No na ko ana sayarwa, ka tura waɗanda aka daina zuwa ƙasan jeri da ORDER BY maimakon ka cire su.

Injiniya Bappah:
Wannan batun sake zaɓa a kan tsohon ciniki yana da muhimmanci. Mafi sauƙi, a On Current na fom:

Me.cboKaya.Locked = Not Me.NewRecord

Sabon ciniki akwati a buɗe, tsoho a kulle. In an yi kuskuren shigarwa, a soke layin a sake sabo, Baffa ya san an soke.

Usman Jekadafari:
Idan na mayar da fom ɗin ya zama mutum ɗaya ya sayi kaya iri-iri a rasit ɗaya fa? Na ga ana sa ƙaramin fom a cikin babba.

Injiniya Bappah:
Haka ya kamata ya kasance tun farko. Babban fom ya riƙe mai saye da kwanan wata, ƙarami ya riƙe layukan kaya, kowane layi da lambar kaya, adadi da farashinsa. Kod ɗin After Update a cikin ƙaramin fom zai zauna, kuma Me yana nufin ƙaramin, ba abin da za ka sauya. Sai idan daga waje kake son kiran akwatin, nan hanya ke tsawo:

Forms!frmRasit!subKaya.Form!cboKaya.Column(2)

subKaya sunan akwatin da ke ɗauke da ƙaramin fom ne a jikin babba, ba lallai ya zama sunan ƙaramin fom ɗin kansa ba. Danna gefensa sau ɗaya ka duba Name. Yawancin #Name? da ake gani a nan daga wannan ne. Kuma layin da aka tsaya a kai kaɗai zai ba ka. Jimillar rasit kuwa kada ka neme ta ta Column. A ƙasan ƙaramin fom sa =Sum([Adadi]*[Farashi]), da sunayen gurabun tebur, domin Sum ba ya tara akwatin lissafi, gurbi yake tarawa. Ka ga wani dalilin ajiye farashi a tebur ke nan.

Malam Sale Kumo:
Cinikin da aka riga aka shigar kafin gyaran nan fa, Usman? Gurbin farashinsu fanko ne, kuma Access zai yi maka gargaɗi idan ka zo kunna Required a kansu.

Usman Jekadafari:
Na gwaji ne kawai Malam, zan goge su. Na gaskiyan suna littafi, na wannan daminar. Da daddare zan zauna da yaron shago mu shigar, shi yana karanto farashin da aka rubuta a ranar, ni ina gyara abin da ya faɗo.

Adda Hauwa Pantami:
Kafin ka fara ka kwafe fayil ɗin ka ajiye a wani wuri, kuma kullum in an tashi kasuwa a kwafe shi a filasha, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiyewa tana lalata fayil ɗin Access. Layin Locked ɗin Injiniya kuma ka bari sai kun gama shigar da na littafin sannan ka kunna shi, in ba haka ba duk kuskuren da kuka yi a daren sai kun soke layi. Ka gaishe da Baffa.